Ranar masoya: har yau zuciyata biyu take a kanta

Maman Sadiya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah akwai abin da ya daɗe yana ci na a rai ina so mu tattauna, kuma kada a yi saurin yanke min hukunci. Maganar ranar 14 ga Fabrairu ce, wannan Balantin ɗin. Ni ba na yi, maigidana ba ya yi, kuma ba nema nake a ce min in yi ba. Amma duk shekara in ranar ta zo sai in ji wani iri, ga ɗoki ga ɓacin rai, na rasa inda zan ajiye abin.

A Kaduna na yi firamare wajen ƙarshen shekarun 1990, makarantar kuɗi ce, Musulmi da Kirista duk a haɗe. In ranar ta kusa sai antinmu ta kawo jan kwali da almakashi ta ce kowa ya yanka zuciya ya rubuta sunan wanda yake so a aji, ya jefa a wani kwalin madara da ta naɗe da jar takarda ta ajiye kan teburinta. Wallahi ina son satin nan, warin gam da ƙyalƙyalin da ke maƙale maka a yatsu har ka je gida, ba a wani karatu sosai, ana ta raba alawa. To amma ranar buɗe kwalin fa? Anti za ta tsaya gaban allo tana zaro su ɗaya bayan ɗaya tana kiran suna ana tafi. Wasu yaran a kira su har hannu ya cika, wasu a gama kaf ba a ambace su ba. Ni nakan samu na ƙawata da muke benci ɗaya, amma akwai wata yarinya da ke zama a bayana, 'yar maigadin makarantar ce aka ɗauke ta kyauta, har muka bar ajin ban taɓa jin an kira ta ba. Tana nan zaune ta ɗora hannu biyu kan benci tana kallon kwalin har anti ta kife shi ta nuna ba saura. Yara ne fa mu, 'yan shekara takwas, tara.

Yanzu na girma na yi aure na san matsayin abin a addini, amma in na buɗe WhatsApp ranar na ga ana ta ɗora fulawa da kek da agogo a sitatus sai in ji na koma ajin nan ana kiran suna. Ni kaɗai ce haka?

Abu Huzaifa:
Wa alaikumus salam. 'Yar uwa ba hukunci zan yanke miki ba amma gaskiya ɗaya ce. Ranar nan ba tamu ba ce. Sunan wani limamin Kirista ne da Rumawa suka kashe a ƙarni na uku, daga baya Fafaroma Gelasiyus ya sa masa rana a shekarar 496, su ma maganar soyayya sai can ƙarni na 14 mawaƙan Ingila suka liƙa mata. Hadisi kuma a fili yake, wanda ya kamanta kansa da wasu mutane to yana cikinsu. Abin da kike ji sabo ne aka dasa miki tun kina ƙarama, shi ya sa kullum muke cewa iyaye su duba inda suke kai yaransu. Ki yi ta istigfari zai wuce in sha Allah.

Maman Sadiya:
Malam na gode, kuma ban musa ko ɗaya ba. Amma ai ban ce ina so in yi ba. Tambayata me ya sa abin yake taɓa ni duk da ba na yi.

Anti Ladi Jos:
Ƙanwata ba ke kaɗai ba ce. Ni Kirista ce kuma Bahaushiya, bari in faɗa wa Malam ko a wurinmu ba wata ibada ba ce da aka ɗora wa kowa, cocin Katolika ma tun 1969 ta cire ranar daga babban kalandarta, mu kuwa a namu cocin ba a ma san wani waliyyi Balantin ba. A 2024 ranar ta faɗo daidai da Larabar Toka, farkon azumin Katolika, maƙwabtana da toka a goshi suka wuni ba wanda ya yi zancen fulawa.

Lokacin muna 'yan mata a ƙungiyar matasa ta coci sunaye ake rubutawa a 'yan takardu a nannaɗe a zuba a hula, kowa ya ɗauka, wanda ka ɗauka shi za ka saya wa kyauta, don haka ba mai tashi hannu wofi. Wani ya ba ka sabulu, wani safa, wata shekara wani dattijo ya ba ni kofin shayi da har yanzu yana kabet ɗin mamana. Daga nan a tafi gidan marayu da shinkafa. Ina jin daɗin ranar sosai a lokacin. Yanzu fa na haura arba'in ban yi aure ba, in ranar ta zo a ofis sai masu kawo saƙo su yi ta shigowa da kwali da jan ƙyalle ana ihu ana ɗaukar bidiyo, sai wata ta juyo ta ce Anti naki na hanya ko? Ba da mugunta take faɗa ba amma yana shiga. Sauran ranakun shekara ina zaune lafiya da rayuwata, wannan ranar ce kawai ake sa ni lissafin abin da ba ni da shi a gaban mutane.

Maman Sadiya:
Allah sarki Anti Ladi. Wannan kalmar ta lissafi a gaban mutane ita ce dai. Allah ya kawo nagari.

Matashin Fagge:
Iyayenmu da yayyenmu ku bari mu ma mu faɗi namu, don mu samari ranar nan ba zuciya biyu ba ce, tashin hankali ne zalla. Muna yara a makarantar gwamnati ba mu ma san da ita ba, sai da muka shiga sakandare muka ji 'yan ajin gaba suna boye kati a cikin littafin lissafi suna ba yaro ya kai ɓangaren 'yan mata, a lokacin abin burgewa ne, kati na naira hamsin ya isa a yi ta zancenka har hutu. Yanzu kuwa yarinya za ta ce maka ita ba ta Balantin haramun ne, amma in ranar ta wuce ba ka aiko komai ba sai ka ga an daina ɗaga waya, ka tambaya a ce ba komai. Ga kayan shan ruwa da azumi, ga kayan Sallah, ga bazde, ga kati da data, duk a kan mutum ɗaya mai ɗinki a shago. Na 2023 ba zan manta ba, lokacin canjin kuɗi, mutane na kwana a layin ATM, tiransifa ba ta tafiya, ni ina neman na cefanen gidanmu ita kuma tana turo min hoton fulawar kuɗi da aka yi wa ƙawarta. Fulawar kuɗin nan ma fa Babban Banki ya ce wulaƙanta naira ne, doka ta tanadi ɗaurin wata shida ko tarar naira 50,000, amma wa ya damu. Ina son ta tsakani da Allah, aure nake nufi, amma ranar ta sa na ji kamar ba ni da wani amfani.

Mai Humra da Turare:
Ƙanina ka yi haƙuri amma ba duka mata ba ne. Ita ma matsin ƙawaye ne ke kanta, in ba ta ɗora komai ba za a ce ba ta da mai so.

Matashin Fagge:
Yaya to ni a kaina za a huce?

'Yar Damagaram:
Sallama gare ku. Mu nan Damagaram muna lakwal ba mu san San Balantan ba sam, sai da na je Yamai karatu na ga ana sai da jan fulawar roba bakin titi da 'yar tsana mai riƙe da zuciya. Abin da muka sani muna yara shi ne Sallah, saurayin yayarmu ya aiko da kado, turmi da takalmi da turare, a baje a tsakar gida kowa ya zo ya gani, mu ƙanne a ba mu goro da 'yan dala. To ku duba da kyau, wannan ma ai nunawa ce, kuma yarinyar da ba a aiko mata ba a unguwa ta san ba a aiko mata ba. Ina da 'yar baffa da take shigewa ɗaka duk jajibirin Sallah saboda haka. Don haka Malam Abu Huzaifa ko an kawar da 14 ga Fabrairu gaba ɗaya, ciwon da Maman Sadiya ke magana a kai yana nan cikin namu al'adun.

Abu Huzaifa:
Wannan gaskiya ne ban ƙi ba. Amma Sallah tamu ce, gyara za a yi mata. Waccan kuwa barin ta za a yi. Kuma mu daina yi kamar fulawa ce kawai, kowa ya san abin da ke faruwa a otal-otal da wuraren shaƙatawa a daren, shi ya sa Hisbah ke gargaɗi. Ba mu kaɗai ba ne, a Pakistan babbar kotun Islamabad ta hana bikin a wuraren taruwar jama'a a 2017.

Ɗalibi a Alƙahira:
Malam a nan Masar sau biyu ma ake yi, akwai ta Fabrairu akwai kuma tasu ta gida ranar 4 ga Nuwamba. Wani babban ɗan jarida Mustafa Amin ne ya kawo shawarar, kuma labarin da ake bayarwa shi ne ya ga an ɗauko gawa a unguwar Sayyida Zainab mutum uku kacal ke bin ta, ya tambaya aka ce mamacin tsoho ne da ba ya da kowa, ba mai son sa. Shi ne ya rubuta cewa a ware rana a tuna da son juna, na iyaye da maƙwabta da kowa. Na tuna labarin ne da na karanta zancen 'yar maigadin nan. Amma yanzu ita ma ta Nuwambar ta koma ta saurayi da budurwa da jan teddi, masu shago sun karɓe ta.

Ɗan Zangon Kumasi:
Mu a Gana gwamnati ce ta shiga maganar, ta mai da 14 ga Fabrairu ranar cakulan ta ƙasa, tunda mu ne na biyu a koko a duniya bayan Kodebuwa. Yara a makaranta ana raba musu Golden Tree, kowa ya samu, ba ruwan kowa da wa ke son wa. Yarana suna dawowa da shi a aljihu ya narke ya ɓata yunifom, uwarsu na faɗa su suna murna. Ni ban ga laifin wannan ba gaskiya. Manya dai suna abinsu da dare kamar ko'ina.

Hajiya Umma:
'Ya'yana na karanta duka, jikata ce ke rubuta min ina faɗa. Ni zamaninmu ba wannan rana. An yi min aure ina ƙarama, na zauna da Alhaji har Allah ya karɓi abinsa. Mutum ne da ba ya shigowa hannu rabbana, in ya taso kasuwa sai ya biya wajen mai balangu, a naɗe masa a takardar siminti, ya yi gyaran murya a zaure, ya shigo ya ajiye min a gefen tabarma ya ce ga wannan ki taɓa. Ba ya ƙara komai a kai. Ko sunana ba ya kira, ni ma ban taɓa kiran nasa ba. Na san yana so na, wanda duk ya zauna da mu ya sani. Amma tunda kun buɗe zancen bari in faɗa muku abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, na so a ce ko sau ɗaya ya buɗe baki ya faɗa. Kunya ta hana shi, ni ma kunya ta hana ni tambaya, har aka ɗauke shi. To in na ga yaran yanzu suna rubuta wa juna kalamai ina jin haushin rashin kunyar wasunsu, ina kuma jin wani abu da ban san sunansa ba. Ke Maman Sadiya ina jin abin da ke damun ki kenan, ba jan kwali ba.

Maman Sadiya:
Hajiya wallahi kin sa ni hawaye. Allah ya jiƙan Alhaji ya sa ya huta. Haka ne, Baban Sadiya bai rage ni da komai ba, ci da sha da sutura da makarantar yara, in na yi ciwo shi ke kwana a asibiti. Lokacin da yake zuwa zance kuwa har wasiƙa yake rubuto min a ba ƙanina ya kawo, suna nan a ƙasan akwatina. Daga ɗaurin aure abin ya tsaya cak kamar an rufe famfo. In na yi masa zancen sai ya yi dariya ya ce ai mun girma.

Abu Huzaifa:
Allah ya gafarta wa Alhaji, Hajiya. A nan kam ina tare da ku ɗari bisa ɗari, kuma wannan kunyar ba addini ba ce, al'ada ce. Amru ɗan Asi ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wa ya fi so a cikin mutane, ya ce A'isha. Bayan rasuwar Nana Khadija in ya yanka akuya sai ya aika wa ƙawayenta. Ya ce ku yi wa juna kyauta za ku so juna, ya ce in mutum yana son ɗan uwansa to ya sanar da shi. Mu muka bar wannan duka, sai 'ya'yanmu suka je suka aro a wurin wasu. Amma maganata tana nan, a yi a kowace rana ban da wannan.

Baban Yara Sakkwato:
Malam kowace rana ɗin nan ita ce matsalar, don abin da anka ce kowace rana shi ne ba a yi ko rana guda. Mu maza mu faɗi gaskiya. Haka munka tashi, ban taɓa ganin babana ya zauna tabarma guda da innata ba, to ina za mu koyo? Ni ba ni Balantin kuma ba ni barin ɗiyana su yi, amma ban yarda a tsaya ga haramun ne a yi shiru ba. Malamai su hau mumbari su yi wa maza wa'azin wagga magana yadda suke yi ma mata na biyayya.

Malamar Firamare:
Ni bari in koma kan yaran don can abin ya faro. Ina koyarwa a makarantar kuɗi kuma har yanzu ana yi, sai dai yanzu ba kati ba ne, takarda ake aika wa iyaye a ce yara su zo da jajayen kaya da kyauta. Ranar za ka ga ɗan mai hali ya zo da leda cike, wani ya zo da biskit ɗaya a hannu yana ɓoyewa, wani kuma babansa ya hana sai ya zo da yunifom shi kaɗai a cikin ja, a yi ta tambayarsa me ya sa. Yaro ɗan shekara bakwai ina ya san tarihin Rum ko hukuncin kamanceceniya, abin da ya sani kawai an ware shi. Na yi magana a taron malamai na ce ko a daina ko a canza, aka ce iyaye na so kuma hotunan na jawo sababbin ɗalibai a Facebook. Abin da na iya a ajina shi ne na hana kiran suna, duk abin da aka kawo a zuba a tire ɗaya a raba daidai, wanda bai sa ja ba kuma ni ma ba na sawa don kada ya zama shi kaɗai. A Finlan ma ai ranar abokai suke kiran ta, yara na ba abokansu kati ba maganar saurayi.

Abu Huzaifa:
Malama Allah ya saka da alheri kan niyya, amma da kin tsaya kan a daina ɗin.

Malamar Firamare:
Malam ba makarantata ba ce, albashi nake ɗauka. In na tsaya kan a daina za a kawo wata antin da za ta dawo da kiran suna.

Mai Humra da Turare:
Ni kuma ta ɓangaren kasuwa nake ganin abin, don ba zan ɓoye ba, bayan Sallah biyu da lokacin bukukuwa ba satin da nake ciniki kamar na biyun Fabrairu. Kuma abin da zai ba ku mamaki ba samari ne suka fi saya ba, matan aure ne. Wata za ta saya wa miji turare da hula ta ce ko zai gane ya rama. Wata kuma kanta take saya wa. A gidan da ke da kishiya har lissafi ake a ga ranar girkin wa za ta faɗo. Bara wata baiwar Allah ta yi odar humra da turaren wuta da atamfa, ta biya da kuɗin adashinta, ta ce in naɗe da jan ƙyalle in rubuta kati kamar daga maigidanta, in ba ɗan sahu ya kai da la'asar lokacin da abokiyar zamanta ke tsakar gida. Na daɗe riƙe da wayar ban ba ta amsa ba. Ina cin riba da ranar nan, da ita na biya wa yarana kuɗin zango na biyu, amma irin wannan odar tana hana ni barci.

Anti Ladi Jos:
Kai, Allah sarki. To kin rubuta?

Abu Huzaifa:
In kin rubuta kin taya ta ƙarya, kuma fitina za ki haɗa a gidan mutane, don kishiyar za ta je ta tuhumi mijin kan rashin adalci a abin da bai ma sani ba.

Mai Humra da Turare:
Abin da na tsorata kenan Malam. Na kira ta na ce zan naɗe yadda take so, zan sa kati da sunanta, amma ba zan sa sunan mijinta ba. Ta ce to in bar katin gaba ɗaya. Na aika kayan haka, ta turo min cewa sun iso, kuɗin ɗan sahu ma ita ta biya. Tun daga nan ba ta sake sayen komai a wurina ba, na ga dai bana tana bin shafin wata mai turaren a unguwarsu.